Saƙon godiya daga kanikawa da injiniyoyin jirgin sama na tashar Gombe

Assalamu alaikum warahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ranar da aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar aiki guda ɗaya ga kanikawa da injiniyoyin kamfanonin jirgi biyu da aka haɗe. Mu 'yan kwamitin reshen Gombe, masu aiki a filin jirgi na Lawanti, mun ga ya wajaba mu fito fili mu gode wa waɗanda suka tsaya mana. Za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, domin 'yan uwanmu na Bauchi da Yola da Kano su san inda za su kama idan irin wannan ta zo musu.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ɗauka haɗe kamfani biyu sauya fenti ne kawai a wutsiyar jirgi. Ga bakanike kuwa, abincinsa ne aka taɓa. Lasisin injiniya nasa ne, hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ce ta ba shi. Amma izinin sa hannun sakin jirgi bayan gyara, sashen kula da ingancin aiki na kamfani ne ke bayarwa, a ƙarƙashin takardar amincewar gyara da kamfanin yake riƙe da ita. Ranar da aka rufe takardar tsohon kamfani, izinin ya tafi tare da ita. Sannan ƙa'idar duniya ta ce mai lasisi ba zai yi amfani da shi ba sai ya yi aikin gyara na aƙalla wata 6 a cikin wata 24 da suka wuce. Don haka duk wanda aka ce ya zauna a gida “har a gama tsari”, sana'arsa ce take zagwanyewa a hankali. Ƙananan tashoshi irin tamu su ne ake fara dubawa, domin jirgi yakan sauka ne ya juya, kuma masu lissafi na ganin rukunin kanikawa biyu a fili ɗaya asara ce. Shawarar farko da akan kawo ita ce a rufe tashar, a riƙa ɗauko injiniya daga Abuja a cikin jirgin.

Godiyarmu ta farko tana ga matasanmu da suka ɗauki wahalar tattara takardu, domin a kan aikinsu komai ya tsaya. Sun bi kowane ma'aikaci, na rana da na dare, sun karɓi wasiƙar ɗaukar aiki, wasiƙar tabbatarwa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardun albashi, lasisi, shaidar kwas ɗin kowane nau'in jirgi, izinin kamfani, littafin tarihin aikin da mutum ya yi da hannunsa, da bayanin asusun fansho. Kowace takarda an yi mata kwafi, an kuma ɗauki hotonta an adana a wuri biyu, asalin ya koma hannun mai shi. Dalilin wannan wahala shi ne, idan aka juye sunayen ma'aikata daga kwamfutar wani kamfani zuwa ta wani, ranar fara aiki ce ke fara ɓacewa. Wani sai a rubuta masa ranar haɗewa, wani ranar da aka mayar da shi na dindindin, shekarunsa na kwantiragi su bi iska. Wanda ba shi da takarda a hannu, rantsuwa ba ta dawo masa da su. Ƙannenmu, Allah ya yi muku albarka.

Ranar fara aikin nan tana da nauyi ne saboda sashe na 20 na Dokar Ƙwadago, wanda ya ce idan za a rage ma'aikata, wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da cancanta. Ke nan duk rigimar tana kan yadda za a haɗa jerin daɗewa a aiki na kamfanonin biyu. Idan aka ɗora jerin kamfanin da ya saya a sama, na wanda aka saya a ƙasa, dattijon da ya tsufa a ƙarƙashin fiffike sai ya koma bayan yaron da aka ɗauka bara. An yi haka a Amurka lokacin da American Airlines ya sayi TWA a 2001: da yawa daga ma'aikatan TWA aka jefa su ƙasan jeri, da aka zo ragi su ne suka fara tafiya. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa a 2007 aka yi dokar da ta wajabta haɗa jeri bisa adalci a kamfanonin jirgin ƙasar. Mu ba mu da irin wannan doka, sai abin da muka samo a teburin tattaunawa.

A nan ne za mu tsaya mu yi wa 'yan uwanmu na babban kamfanin godiya ta musamman. Da sun yi shiru, su ne da riba. Amma suka amince a gauraya jerin biyu bisa ranar da kowa ya fara aiki, alhali sun san wasunsu za su sauko ƙasa, kuma saukowar tana nufin rasa zaɓin lokacin hutu, komawa aikin dare, har ma da kusantar bakin ƙofa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai iyali. Mun san an yi ta zuga su cewa mu baƙi ne da muka zo cin rabonsu, ba su saurara ba. Ba za mu manta ba, kuma muna roƙon Allah ya saka musu da abin da ya fi wanda suka bari.

Muna gode wa shugabanninmu na ƙasa da suka yarda a zauna a teburi ɗaya. A harkar jirgi a Najeriya, injiniya mai lasisi yana tare da matuƙa jirgi a ƙungiyar NAAPE, ƙananan ma'aikata suna NUATE, manya suna ATSSSAN, alhali dukansu jirgi ɗaya suke kewayewa. Idan kowa ya shiga ofis shi kaɗai, sai a ba mai lasisi ƙarin alawus a sallami mai taimaka masa. Ƙa'idojin da aka bi ba su da yawa: babu mai ganawa da hukumar kamfani shi kaɗai, mutum ɗaya ke magana da yawun kowa, kuma ba a tashi daga zama sai an karanta abin da aka rubuta, ɓangarorin biyu sun sa hannu. Sun kuma hana mu gaggawa. An haɗe American da US Airways a Disamban 2013, amma kanikawansu ba su samu yarjejeniya guda ba sai Maris na 2020, duk da cewa ƙungiyoyinsu biyu, TWU da IAM, sun haɗa kai.

Lauyanmu ya cancanci yabo kan abubuwa biyu da ya hana mu faɗawa. Na farko, fom ɗin da aka raba na “ajiye aiki da sake ɗauka”. Wanda ya sa hannu a kansa ya yanke shekarunsa da kansa, ya zama sabon ma'aikaci. Sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ya ce ba a mayar da ma'aikaci daga hannun wani mai kamfani zuwa wani sai da yardarsa, kuma sai jami'in ƙwadago ya tabbatar. Wannan yarda ita ce jarinmu, bai kamata a bayar da ita kafin a ga sharuɗɗa a rubuce ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Sashe na 91 na dokar ya fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da ƙwararru daga ma'anar “ma'aikaci”, don haka kamfani na iya cewa sashe na 20 bai shafi injiniya mai lasisi ba. Maganin da aka yi shi ne aka rubuta tsarin ragi da kuɗin sallama a cikin yarjejeniyar, aka kuma sa layi a wasiƙar aikin kowa da ke cewa yarjejeniyar ɓangare ce ta kwantiraginsa. Da haka ne za ta tsaya da ƙafarta a Kotun Ma'aikata. Shi ne kuma ya tuna mana cewa a babbar haɗewa, dokar hukumar FCCPC mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye ta ce a ba ƙungiyar ma'aikata kwafin sanarwar.

Masu bin diddigin fansho, sannunku da ƙoƙari. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata idan aka yi jinkiri. Takardar albashi takan nuna an cire, asusun kuma ya nuna bai shiga ba. Sai da aka jera su wata bayan wata aka ga giɓin, sabon kamfani ya karɓi bashin a rubuce da ranakun biya. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, tsoffin ma'aikatansa suka shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su gani ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga injiniyoyinmu masu sa hannu, ba mu san da wane baki za mu gode muku ba. An matsa muku ta ɓangare biyu. Wasu daga cikinmu, cikin fushi, sun so a riƙa ajiye jirage da dalilan ƙarya don kamfani ya ji a jikinsa. Daga sama kuma ana ta waya cewa a saki jirgi, fasinja na jira. Kun ƙi duka biyun, kun tsaya a kan littafin MEL, wanda ya fayyace abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba da tsawon lokacin: rukunin B kwana 3, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, rukunin A kuma yadda aka rubuta a gabansa. Abin da wa'adinsa ya cika ba ku ɗaga ba, abin da yake lafiya ba ku ƙaƙaba masa ciwo ba. Ra'ayinmu a nan a fili yake: sa hannun injiniya amanar rayuka ce, ba makamin ciniki ba. Ranar da aka mayar da shi makami, babu wanda zai sake yarda da mu idan muka ce jirgi ba shi da lafiya. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa ƙungiyoyin kanikawan American hukunci kan zargin jan ƙafa a aiki, abin da ya raunana su a tsakiyar tattaunawa. Mu ma yajin aiki yana da hanyarsa, domin masu ayyuka na wajibi sai sun ba da sanarwar kwana 15. Alhamdu lillahi ba a kai can ba. Kyaftin-kyaftin da suka riƙa rubuta kowace matsala a littafin jirgi maimakon faɗa da baki, mun gode, kun rufa mana asiri.

Masu kula da sito ba a cika ambatonsu ba, alhali haɗa sito biyu shi ne wuri mafi haɗari. Man haidirolik na Skydrol, mai launin shunayya, da jan man MIL-H-5606 ba sa haɗuwa. Idan aka zuba ɗaya a gurbin ɗaya, robobin da ke toshe yoyo sai su lalace. Sun raba su kanta daban, bututu daban. Duk kayan da ya zo babu takardar shaidarsa, irin su FAA 8130-3 ko EASA Form 1, sun killace shi komai ƙyallinsa. Sun duba ranar ƙarewar robobi da gam, sun ware sifanonin auna ƙarfin ɗauri da lokacin gwajinsu ya wuce, sun tabbatar tukunyar naitirojin ta tayoyi ba ta yanke ba. Duk wannan a cikin hunturu, lokacin da ƙura ke toshe matatun iska, kuma jirgin da ya kwana dole a rufe masa bakin inji da bututun auna gudu. An kuma saka a yarjejeniya cewa kamfani zai tura mutane kwas kafin ya ce ba ya bukatarsu, domin mai izini a kan Boeing 737 na da, mai injin CFM56-3, ba zai sa hannu a kan sabon mai CFM56-7B ba sai ya yi kwas ɗin bambanci, balle jirgin Embraer ko ATR.

Iyalanmu da suka jure watannin da albashi ya yi jinkiri, limaminmu da fastocin 'yan uwanmu Kirista da suka dage da addu'a, Hajiya mai abinci da ba ta taɓa rufe mana littafin bashi ba, direbobin da ke kwaso mu daga Tudun Wada da Pantami da Bolari tun kafin asuba, Allah ya biya ku. Haka ma waɗanda suka zauna a ɗaya gefen teburin suka faɗi gaskiya ko da ba ta yi musu daɗi ba.

Ba kowa ne ya tsira da aikinsa ba, kuma wannan yana ci mana rai. 'Yan uwa da ragin ya shafa, sunayenku suna cikin jerin waɗanda za a fara kira idan gurbi ya samu. Ku karɓi kwafin tarihin horonku daga sashen inganci kafin ku miƙa katin shiga fili, ku kuma nemi inda za ku riƙa taɓa aiki don kada wata 24 ɗin nan su cinye muku lasisi. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa, kuma sakatare zai taimaka da takardun.

An manna haɗaɗɗen jerin daɗewa a allon ofishin reshe. Kowa ya je ya duba sunansa da ranar fara aikinsa, wanda ya ga kuskure ya kawo asalin wasiƙarsa kafin ranar da aka rubuta a ƙasan jerin. Maganar alawus ɗin aikin dare da na jigilar alhazai tana nan a zama na gaba.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mu da fasinjojinmu. Amin.

Kwamitin kanikawa da injiniyoyin jirgin sama, reshen Gombe