Laraba: yau 'yan aji biyar ba su yi lissafi ba

Da aka dawo daga tara na tarar da bencin gaba babu kowa sai yarinya ɗaya, abokan zamanta sun koma baya sun matse a kan wasu. Na tambayi dalili, kowa ya sunkuyar da kai. Da ƙyar monita ya ce, "Malama, ai kakarta ce ta kama ƙanin wane." Wai yaron yana kwance tun Lahadi, zazzaɓi ya yi masa zafi, cikin dare ya yi ta kiran sunan tsohuwar. Jiya da yamma yara suka biyo ta tun daga bakin famfo suna "kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa," har wani ya jefe ta a ƙafa. Jikar tana zaune tana jin duk wannan, ko motsi ba ta yi ba.

Na ajiye alli. Na aike ta ofishin hedimasta ta karɓo mini rajista don kada a yi maganar a kan idonta, na ce wa sauran su rufe littattafai.

Ban tsaya musu da su a kan akwai maita ko babu ba. Yaro ɗan shekara goma ba zai bar abin da ya ji a ɗakin uwarsa saboda maganar malama ta rabin awa ba, kuma in na ce iyayensu ƙarya suke yi, gobe ba wanda zai ƙara saurarona. Tambaya na yi musu: wa ya taɓa yin zazzaɓin da har ya yi sambatu? Hannuwa suka tashi da yawa. Wani ya ce ya ga bango yana tafiya. Wata ta ce an ba ta labari ta yi ta kiran babanta alhali yana Legas. Na ce to babanki ne ya kama ki? Aka yi dariya, ita ma ta yi. Na bayyana musu cewa zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya yi fizge-fizge, ya faɗi abin da bai sani ba. Haka sanƙarau, ga shi yanzu lokacinsa ne, zafi da ƙura da cunkoso a ɗaki. Sunan da mara lafiya zai kira kuwa na wanda ya saba gani ne, ko wanda aka saba tsorata shi da shi. Tsohuwar nan ƙofar gidanta na kallon tasu, kullum a wurinta suke sayen ƙuli.

Wani yaro mai kaifin kai ya ce, "Malama, to gidan da yara ke ta mutuwa fa?" Na ji daɗin tambayar. Na yi musu bayanin sikila: in uwa da uba duk suna ɗauke da nau'in jini na AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai ciwon. Gwajin jini kafin aure ke nuna wannan, babu hannun maƙwabciya a ciki. Na ƙara da gigin tsufa, yadda tsoho kan fita da dare bai san inda za shi ba, ko a tsare shi da tambaya ya amsa laifin da bai yi ba.

Daga nan na ba su labarin da har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. A 2023, a ƙauyen Dadin Kowa da ke ƙaramar hukumar Wudil, matar wani mutum da ba ta da lafiya ta yi mafarki wata tsohuwa mai shekara 67 tana bin ta da wuƙa. Mijin ya tara mutane, suka same ta a gona suka kashe ta. A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa ta hanyar rataya. Na ce su ƙirga gidajen da mafarki ɗaya ya rusa. Ajin ya yi tsit. Na faɗa musu kuma cewa ko ba a taɓa jikin mutum ba, kiransa maye kaɗai laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, sashe na 216, kuma ana iya ɗaure mutum a kai. Yawancinsu sun ɗauka wanda aka zarga ne kaɗai ke da abin tsoro.

Na tsallake labarin Akua Denteh, tsohuwar nan mai shekara 90 da aka yi wa duka kan zargin maita har ta mutu a Kafaba ta ƙasar Gana a Yulin 2020, mutane na tsaye suna kallo, wani yana ɗauka a waya. Ya yi wa 'yan aji biyar nauyi. Amma shi ne a zuciyata duk tsawon darasin, saboda 'yan kallon. A garuruwanmu abin ba ya farawa da manya riƙe da sanduna. Yara ake fara saki, su yi waƙa, su yi jifa, a ce ai yarinta ce. In an ga ba wanda ya tsawatar, sai samari su shigo, sai a ce a fito da ita ta tsallaka mara lafiya, wani lokaci a tuɓe ta a gaban 'ya'yan cikinta. Ko ta tsira da rai, an gama da gidan, tunda ana cewa a nono ake sha: 'ya'yanta mata ba mai nema, jikokinta ba mai cin abinci da su. Kuma ban taɓa ganin an yi wa matar mai kuɗi ko uwar ɗan sanda haka ba. Kullum gwauruwa ce, ko wadda ba ta da ɗa namiji a kusa, ko baƙuwar da aure ya kawo.

Duk suna zuwa Islamiyya, don haka na tambaye su abin da Suratul Hujurat ta ce a yi in an zo da labari. Wata ta karanto aya ta 6 da ka, ta ce a bincika. Na tuna musu aya ta 12 da ta hana yawan zato. Muka yi alkawari da baki: in aka taso wani ana ihu, ba bi, ba jifa, a ruga a faɗa wa mai unguwa ko wani babba mai hankali, in kuma ƙaninka ya fara sambatu, ka matsa wa Umma a tafi asibiti. Da yarinyar ta dawo da rajista, ɗaya daga cikin ƙawayenta ta koma kusa da ita. Ɗaya kawai. Sauran ban tilasta musu ba, zaman dole ba zai cire musu tsoro ba.

Bayan an tashi na sami hedimasta. Ya ce, "Malama, ki bi a hankali, maganar nan ta fi ƙarfin makaranta." Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibanmu ne suka yi jifan." Ya yi shiru, sannan ya aika a kira mahaifin yaron da ke kwance. Mutumin ya zo da la'asar, duk ya rame don rashin barci. Bai yarda da duk abin da muka faɗa ba, amma ya yarda a kai yaron asibiti, maigidana ya ɗauke su a babur. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, an ba su gado, an fara allura.

Asabar akwai taron iyaye da malamai, hedimasta ya ba ni minti goma. Gobe kafin in wuce makaranta zan biya wurin liman da ma'aikaciyar asibitin in roƙe su su zo, don iyaye sun fi jin maganarsu a kan tawa. Zan kuma leƙa tsohuwar in duba ƙafar, an ce ta kumbura kuma tun jiya ba ta fito ɗiban ruwa ba.