Paro da tsofaffin Japan

Akwai wani mutum-mutumi a Japan mai suna Paro, wani injiniya Takanori Shibata ne ya ƙera shi da siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi. In ka shafa bayansa sai ya lumshe ido ya ɗan yi kuka, cajinsa ma ta baki ake yi da wani abu kamar abin tsotson jarirai. Gidajen kula da tsofaffi ake kai shi, musamman wajen masu rikicin tsufa, a 2009 ma Amurka ta sa shi cikin kayan aikin asibiti.

Ni dai abin da ke damuna, tsohuwar da ta rungume shi tana rarrashi wani lokacin ba ta san inji ba ne, ta ɗauka mai rai ne, ma'aikatan kuma sun sani suka yi shiru don hankalinta ya kwanta. To yaudara ce ko jinya? Wallahi na fi karkata ga jinya, tunda ya fi a ɗirka mata maganin barci. Amma fa ɗan da ya rage zuwa dubiya don wai an samo wa mama abokin hira, wannan kam ba ruwan Shibata.