Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Bishiyar Matar Yaya

Makon jiya na ce yau zan shiga zancen tafiyata makarantar horon malamai. Ku yi mini haƙuri, wannan sai gaba. Wata jikar Yaya ce ta sa hoton bishiyar roba a Facebook, ta rubuta wai kakarta ce ta fara kawo adon Kirsimeti gidanmu. Yarinya ba ta da laifi, abin da aka gaya mata ta faɗa. Amma ai ba mu mutu duka ba.

A gidanmu na Wusasa, da zarar hunturu ya kama, an gama shigar da dawa rumbu, Iya za ta jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa. Makuba ke nan. Warinta kaɗai ya isa ya gaya wa yaro Disamba ta shigo. Mu 'yan mata mu ke ɗebo tsakuwa, a baje a ɗaki da zaure, a yayyafa ruwa, sai matan unguwa su zo kowace da madaɓinta. Ana daɓe ana waƙa, Goggo ke bayarwa, saura na amshi, har da maƙwabtanmu Musulmi, don mu ma mukan je musu idan Sallah ta matso. In ƙasa ta kwanta, a bi ta da makuba, ta yi duhu tana sheƙi. Sannan a shafe bango da farar ƙasa, da tsumma, hannunka ya yi kwana biyu yana tsagewa saboda sanyi. Daga nan Iya ta sauke jerenta, kwanuka da tasoshi, mu goge da toka, ta mayar ɗaya bisa ɗaya har kusan rufi.

In muka yi ƙorafin gajiya, abu ɗaya take cewa: "Baƙo ƙasa yake fara dubawa kafin ya ɗaga kai." Baƙon da take nufi kuwa Almasihu ne.

Bishiya ma muna da ita, kada wani ya ce babu. Samarin gida ke saro reshe daga wajen Kufena, a kafa shi cikin garwar kananzir da aka cika da yashi. Audugar gonar Baba muke yagowa mu ɗora a kan ganyen, wai ƙanƙarar ƙasar Turawa, mu da ba mu san wata ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina. Taurari kuma da takardar azurfa ta cikin kwalin taba muke yankawa, Kawu ke tara mana ita a ɓoye, don Baba ba ya son ganinta. Sarƙar takarda mai launi da ƙullun rogo muke liƙa ta. Katunan gaisuwa a rataya su a zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, har da na shekarun baya, don zaren ya cika.

Masu cewa komai namu aron Bature ne, su je su kalli majami'ar St. Bartholomew. Tun 1929 take tsaye, shekarar da mishan ya taso daga cikin birnin Zariya ya dawo Wusasa, kuma ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa. Littafi Mai Tsarki da Baba ke karanta mana labarin makiyaya a daren 24 ga wata, na Hausa ne, fassarar da ta fito a 1932, wadda Likita Mila, Baturen mishan, ya sha wahalarta. Wannan maganar na taɓa gaya wa wata abokiyar aikina a Samaru da ta tambaye ni wai ni asalin 'yar ina ce. Na ce mata kakata ta fi kakarta iya daɓe. Ba ta sake ba.

To, sai aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a 1975. Yaya yana aikin gwamnati a Kaduna, aljihu ya yi nauyi, ga sabon aure. Suka iso ana saura 'yan kwanaki, da kwali a bayan mota. Matar tasa ta tarar da mu durƙushe, makuba har gwiwar hannu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Iya, ai yanzu an daina wannan wahalar." Iya ta ɗago ta dube ta, ta ce, "To, amarya, sannu da hanya." Shi ke nan abin da ta ce.

Reshenmu aka fitar bayan ɗakin girki, da audugarsa da taurarinsa, akuya ta ci rabi. Aka kafa ta roba a zaure. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau, yaran unguwa har layi suka yi. Sai dai fitilun na buƙatar lantarki, zauren kuwa ba waya, haka ta kwana a duhu kusa da aci-balbal. Goggo ta zagaya ta, ta shinshina, ta ce itacen da ba ya ƙamshi ba ya yaushi, ita dai tsoronsa take ji.

Abin da ya fi ci mini rai ba bishiyar ba ce. Da shekara ta zagayo Yaya ya aiko da siminti aka malale ɗakin Iya, ba wanda ya tambaye ta. Ta yi godiya, ta sa albarka, don ba ta kunyata ɗa. Amma Disambar nan na ga ta jiƙa makuba kamar kullum, ta rasa inda za ta zuba, ƙarshe ɗakin kaji ta daɓe. Baƙo ƙasa yake fara dubawa. Ni na riƙe mata kwaryar.

Da aka zo rabon kayanta, shekaru da yawa bayan haka, masu bishiya suka kwashe tasoshin jere, wai za su ajiye na tarihi. Ba wanda ya kalli madaɓin. Yana wurina a Samaru, kuma ba na bayar da aro.