Idan Giya ta Maƙale a Ribas: Abin Dubawa Kafin a Sauke Giyabos

An ja baya lafiya, an tsaya, sai sandar giya ta ƙi dawowa firi. Yawancin direbobi a nan sukan sa hannu biyu su fizga, wani har da duka. Wannan fizgar ce take mayar da ƙaramin gyara babba, domin ita ke lanƙwasa fok, wato ƙarfen da ke tura giya a cikin giyabos, ko ta karya ɗan fin ɗin da ke riƙe da shi. Saki sandar tukuna, ka ja hambirki, ka kashe injin.

Akwai dalilin da ya sa ribas ta fi sauran giyoyi taurin kai. Giyoyin gaba kullum haƙoransu a haɗe suke, kuma kowace tana da zoben tagulla mai daidaita gudu kafin ta kama. A yawancin motocin da ke kan titunanmu, irin su Golf 2, Golf 3 da tsofaffin Corolla, ribas ba ta da wannan zobe. Wata ƙaramar giya ce mai miƙaƙƙun haƙora take zamewa a kan sandarta ta kutsa tsakanin giyoyi biyu don ta juya tafiyar. Miƙaƙƙun haƙoran nan su ke kawo kukan da kake ji in kana ja da baya. Muddin akwai nauyi a kansu, ko na injin ko na motar kanta, sukan cije juna su ƙi saki.

Shi ya sa tambayar farko ita ce a ina motar take tsaye. In a gangare aka ajiye ta cikin ribas ba tare da an ja hambirki da kyau ba, to nauyin motar gaba ɗaya yana kan haƙoran. Taka kuloci har ƙasa, ƙafar dama a kan birki, ka sauke hambirki, ka sa mutum biyu su ɗan tura motar zuwa tudu kamar taƙi ɗaya yayin da kake sassauta birkin, kana jan sandar da yatsu kawai. Sau da yawa za ka ji ta faɗo firi da kanta. Wannan ba lalacewa ba ce.

In a shimfiɗe take, ga gwajin da ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko kwabo: gwada fitar da giyar injin yana kashe. Idan ta fita sumul, amma da ka tayar da injin ka sake sa ribas ta sake maƙalewa ko ta shiga da ƙarar gurza, giyabos ba shi da laifi. Kuloci ne ba ya saki sosai. Wata alamar ita ce motar tana ɗan jan baya alhali ƙafarka tana ƙasa.

A motar da kulocinta na mai ne, buɗe bonet ka duba robar man. Man birki ne ake zuba masa, DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin, kuma a motoci da dama roba ɗaya suke sha da birki. Bututun kuloci yana ɗiba ne daga sama-saman robar, don haka in mai ya yi ƙasa kuloci ne ke fara shan iska tun birki bai nuna komai ba. Taka fedar sau biyar ko shida da sauri sannan ka gwada giyar. In ta fita, ko dai iska ta shiga ko robobin masta, wato ƙananan famfo biyu na sama da na ƙasa masu tura man kuloci, sun gaji. Sa hannu a bayan fedar, wajen da sandar mastan sama ta shigo cikin mota: danshin mai a nan ko a kan kafet yana nufin mastan sama ke yoyo. Mastan ƙasa kuwa yana jikin giyabos. Ɗaga robar bakinsa, in mai ya zubo ya gama aiki. Sa wani ya taka kana kallo, sandarsa ya kamata ta tura fiye da santimita ɗaya. A cire iska, a canza wanda ya lalace. Ƙara mai kawai a ci gaba da tafiya dabara ce ta kai mota gareji, ba gyara ba.

Mai kebul kuma, duba wasan da feda ke yi kafin ta fara nauyi. In ya wuce santimita biyu, kebul ya saki ko ya fara tsinkewa daga ciki. Golf 3 mai injin 1.6 ko 1.8 tana da kebul mai daidaita kansa, kuma in na'urar daidaitawar ta cije babu abin ɗaurewa, sai dai a canza kebul ɗin. Wani alherin giyabos ɗin da ake kira 020, wanda ke kan Golf 2 da Golf 3 da yawa, shi ne boris ɗin sakin kuloci yana can ƙarshen giyabos ta wajen taya, bayan wani murfi, ana isa gare shi ba tare da an sauke komai ba. Sai in duk waɗannan lafiya suke za a zargi farantin kuloci, ko ya karkace ko ya yi tsatsa ya manne, kamar yadda yake faruwa ga motar da ta ratsa ruwa da damina aka ajiye ta makonni.

To, idan injin yana kashe ma giyar ta ƙi fita fa? Yanzu sai ka saurari abin da sandar ke gaya wa hannunka. Sanda mai lilo ko'ina ba nauyi, mota kuma tana nan cikin ribas, alama ce haɗin da ke tsakanin sanda da giyabos ya rabu. A Golf 2 da Golf 3 sandunan ƙarfe ne masu kawunan roba da bushin, kuma zafi da ƙura suna cinye su har kan ya fice daga mazauninsa. A Corolla kebul biyu ne, ɗaya na motsin gefe, ɗaya na gaba da baya. Sa waigi a tayoyi gaba da baya, ka je kan giyabos ɗin, ka cire haɗin, ka motsa hannun giyar da hannunka ko da ƙaramin sifana, ba da guduma ba. In ya koma firi da ɗan ƙas, ciki lafiya yake, gyaranka na waje ne. Ka sayi bushin ɗin saiti guda ka canza duka, domin in ɗaya ya mutu sauran ma suna hanya. Ɗaure kan da waya ko robar tayar keke zai kai ka gida, amma ba ya wuce nan. Ka kuma duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu. In ɗaya ta tsage, injin yakan karkata idan an ja baya, ya ja sandunan su fita daga saiti.

Sanda mai tauri kamar an kafe ta kuwa, fara da makullin ribas, wato zoben da ake ɗagawa a ƙarƙashin kan sanda ko dannawar da ake yi ƙasa. Ɗaga rigar sandar ka duba. Tsabar kuɗi, murfin biro ko busasshen giris suna iya tare hanya. Daga nan sai suwic ɗin fitilar ribas, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi a rai. Yana ɗaure a jikin giyabos da wayoyi biyu, kuma harshensa yana taɓa ƙarfen da ke motsa ribas a ciki. In an sa wanda ba na motar ba mai dogon harshe, ko an manta washarsa, yakan tokare ƙarfen. Kwance shi ka sake gwadawa. Aikin minti goma ne, kuma ya fi dacewa a fara da shi idan matsalar ta biyo bayan wani gyara.

Abin da ya rage na ciki ne. Alama mafi bayyana: sanda ta dawo tsakiya kamar tana firi, mota na ribas, in ka sa wata giyar ka saki kuloci injin ya mutu nan take. Ɗan yatsan da ke zaɓar giya ya tsallake ramin fok ɗin ribas, giya biyu sun kama lokaci guda. Kada ka ƙara totur don ka ƙwace, haƙora za ka zubar. A wasu giyabos ana zare sandar zaɓen daga sama, a mayar da fok ɗin firi da dogon sukundireba, amma sai an gano abin da ya cinye har ta tsallake, in ba haka ba za ta maimaita.

Kafin a yanke shawarar saukewa, a juye man giya a faranti mai tsabta a duba shi a rana. Ɗan laushin garin ƙarfe ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya tagullar zobba ce ke ci. Gutsattsarin da za ka iya ɗauka da yatsa kuwa haƙori ne ko fin, kuma a nan babu makawa sai an buɗe. A auna man da ya fito: giyabos 020 yana shan kusan lita 2 na 75W-90 mai lambar GL-4, ana buɗe murfin man da alanki mai lamba 17. In rabin lita ya fito, ƙaramar giyar ribas tana iya kasancewa ta bushe ta kama sandarta. Idan an buɗe, a duba bakin haƙoranta ko sun tauye sun yi kunne, a duba fok, da ƙwallayen ƙarfe da sifirin masu riƙe kowace giya a wurinta. In ɓarnar ta yi yawa har za a nemi giyabos na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a kwafi haruffan da aka buga a jikin tsohon, domin giyabos biyu suna iya kama da juna a ido amma lissafin giyoyinsu ya bambanta.

Batun ja yana da haɗari. Kada a ɗaura igiya a ja motar da ke cikin ribas zuwa gaba ana dogaro da taka kuloci. Tayoyi za su juya farantin kuloci ta cikin giyar, kuma a gudun kilomita 60 a awa zai haura juyi 6,000 a minti, yana iya tarwatsewa. Mota mai jan gaba a ɗaga tayoyinta na gaba a janwe. Mai jan baya irin Hiace ko Hilux a kwance farfela tukuna, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya.

Bayan gyara, a canza yadda ake sa ribas. Mota ta tsaya cik, a taka kuloci har ƙasa, a ƙirga uku, a taɓa giya ta ɗaya don zobenta ya tsayar da juyin ciki, sannan a wuce ribas. In ta ƙi shiga, a koma firi, a saki kuloci a sake takawa. Wajen fakin kuma a ja hambirki, a saki birkin ƙafa motar ta zauna a kansa, sannan a sa giya.