Rasit ɗin da na ji kunyar nema

Ina shekara ta biyu a wani ɗaki ciki da falo a Hotoro, mai gidan ya aiko yaronsa bayan isha'i: wai ɗansa zai yi aure, in kwashe kayana nan da mako biyu. Shekara na biya, saura wata huɗu kuɗina ya ƙare. Ban ce uffan ba. Dattijo ne, masallacinmu ɗaya, Baba nake ce masa. Na ɗauko ɗan sahu na zube komatsaina a zauren wani abokina.

Ƙannena, ba ranar na yi kuskuren ba, tun ranar biya na yi shi. Kuɗin a hannu na miƙa wa dillali, na ji nauyin cewa a rubuta min rasit, kada a ce ban yarda da mutane ba. Da na koma neman cikon wata huɗuna, dillali ya ce ai na wata takwas na bayar. Shaidata Allah kaɗai.

Sai daga baya wani lauya da muke shan shayi tare ya wayar min da kai, yana yi yana min dariya. Saƙon baki ba notis ba ne, a rubuce ake bayarwa. In babu yarjejeniyar da ta ce wani abu daban, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa na wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a tafi kotu. Alƙali ne ke tayar da ɗan haya. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa, ko yaye kwano, ko watsa kayanka waje.

Amma kada zafin rai ya sa ka daina biyan haya, nan ne za ka ba shi makami. Ka fara da lalama, ka je wurin mai unguwa, sau da yawa a nan magana ke mutuwa. Kai dai ka je da takardarka.

Yanzu ta banki nake tura kuɗin haya, in rubuta watannin a jikin saƙon, in kuma nemi rasit. Mai gidana na yanzu ya ɗan ɓata fuska a karon farko, sannan ya aika a sayo masa biro.