Shakazobar da ta raba ni da garejin Oga

Tunda na kwashe sifanonina na bar garejin, abokan aiki ke ta tambayata abin da ya haɗa ni da Oga. Wasu ma labarin da ya je musu shi ne wai na lalata wa wani Alhaji babur. To ga yadda aka yi, kuma duk mai taɓa manyan babura zai iya tsintar abin amfani a ciki.

Baburin Honda Shadow 750 ne, irin mai shakazoba biyu a baya, ta hagu ta fara zubar da mai har ƙura ta daskare a jikinta. Shi kaɗai, ba kowa a kai, ya haura kilo 220. Boxer da muke kwancewa kullum da kaɗan ya wuce rabin haka. Ga Alhajin mutum ne mai jiki, ga shi ba ya tafiya sai da ɗansa a goye. Na ce wa Oga a yi haƙuri a yi odar wadda aka ƙera domin wannan nauyin, ko da za ta ɗauki lokaci. Bai ce mini komai ba. Da yamma sai ga shi ya dawo daga kasuwa da wasu jajaye guda biyu masu sheƙi, kowace da ɗan gwangwani a gefe. Ya jera su kusa da tsofaffin ya ce, "Ka gani? Tsayinsu ɗaya. Ɗaura kawai."

Tsayi daga ido zuwa ido (hudar ɗauri ta sama zuwa ta ƙasa) abu ɗaya kawai yake faɗa maka, wato za ta shiga mazauninta. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man da ke ciki kuma shi ke hana sifirin ɗin tsalle-tsalle bayan an faɗa rami. Na kafa ɗaya a ƙasa na danna da nauyin jikina, sai ga ta ta lotsa, alhali tsohuwar ko gezau. Na ce, "Oga, wannan ta ƙaramin babur ce." Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan aikin."

Na ɗaura. Sannan na yi awon da ya kamata a yi wa kowace sabuwar shakazoba. Za ka ɗaga bayan babur tayar ta rataye, ka auna da tef daga notin tsakiyar taya zuwa wata alama a madigadi. Sai ka sauke, mai babur ya hau yadda ya saba hawa, ka sake aunawa. Bambancin da ke tsakani bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tafiyar tayar ba, wato iyakar hawa da saukar da take iya yi. Shadow kuwa tafiyar bayansa gajeriya ce, ba ta kai milimita 100 ba, don haka kusan milimita 30 ake nema. Namu tun kafin Alhaji ya hau ya cinye wannan, da ya zauna kuwa saura ƙiris ya ƙure.

Maganin Oga shi ne a murɗa zoben ƙasan sifirin zuwa matakin ƙarshe. A nan kanikawa da yawa ke ruɗuwa, har da manya. Murɗa zoben nan ɗaga bayan babur yake yi, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Ƙarfinsa yana cikin kaurin ƙarfen da yawan naɗinsa, tun daga masana'anta. Siriri dai siriri ne ko ka matse shi har sifana ta lanƙwashe. A tsaye a gareji babur zai yi kyan gani, mai shi ya danna da hannu ya ji tauri ya yi murna, amma ramin farko zai tona asiri.

Haka kuwa aka yi. A hanyar Zariya, da yaron a baya, suka faɗa wani rami, shakazoba ta ƙure, taya ta daki cikin madigadi ta tsinke wayar fitilar baya. Alhaji ya ce tun kafin nan ma duk kwanar da ya sha sai bayan baburin ya riƙa lilo. Allah ya kiyaye ba su faɗi ba. Ya dawo ransa a ɓace, garejin cike da mutane, sai na ji Oga yana cewa, "Yallaɓai, ka gafarce mu, yaron nan ne bai iya ɗauri ba." Aka yanke kuɗin waya da fenti daga haƙƙina. A wurin ne kuma na ji kuɗin da aka caji Alhaji, farashin orijina cur. Ban buɗe baki ba, don a gaban baƙo ba a ƙaryata maigida, amma tun daga ranar zuciyata ta fita daga wurin.

Da na kwance su na buɗe gwangwanin nan na gefe. Wayam. Ko hudar da za ta haɗa shi da jikin shakazobar babu, ado ne kawai. A ta gaskiya iskar naitirojin ce a ciki a matse, ita ke hana mai yin kumfa idan ya ɗau zafi a doguwar tafiya, don mai kumfa ba ya riƙe sifirin. Shi ya sa jabu kan yi lafiya lau a cikin gari, sai an miƙa hanya ta saki. Kamfanoni irin su Hagon na Ingila kuwa sukan tambayi nauyin mahayi da ko yana goyo, su sa sifirin daidai da haka. YSS ta ƙasar Tailan ma tana da na kusan kowane samfurin babur, kuma ba ta kai na kamfanin Öhlins tsada ba.

Sauran abubuwan da na fito da su ba su da yawa. Biyu ake canzawa tare, ko da ɗaya ce ta mutu. A auna ramin bushin, don mai milimita 10 da mai 12 a ido kamar ɗaya suke. Idan aka sa wadda ta fi tsayi, cen da jak da yadda kan babur ke juyawa duk sai sun sauya. Ta Beljiyam ba laifi idan sandar cikinta ba tsatsa, amma in ka danna ta dawo fit da sauri, man cikinta ya mutu. Kwalin kaya da rasit kuwa, yanzu a hannun mai babur nake sa su kafin in taɓa noti.

Jajayen nan biyu, na ji Oga ya sauya musu bushin ya sayar wa wani mai ƙaramin babur, kuma mutumin yana ta yabawa. Alhaji bai san wanda ya sayo su ba sai daga baya, ba kuma daga bakina ya ji ba. Yanzu Shadow ɗin rumfata ake kawo shi juye.