Darasin Farko na Ilimin Halittu Ba na Hadda Ba Ne

Ƙannena da kuka shiga aji ɗaya na babbar sakandare, abin da za a fara koya muku a ilimin halittu, wato bayoloji, shi ne siffofin da ake bambance mai rai da marar rai da su: motsi, numfashi, ci, jin abin da ke kewaye, girma, fitar da dattin jiki, hayayyafa da mutuwa. Malamai sukan dunƙule su cikin MR NIGER D, wato haruffan farko na sunayensu da Turanci, domin sauƙin tunawa. Ni haddar kawai na yi, na zuba ta a takardar jarrabawa, ban taɓa gwada ko ɗaya daga cikinsu a kan wani abu mai rai ba, kuma wannan sakacin ya bi ni har darussan gaba, inda aka ɗora komai a kan tushen da ban gina ba.

Inda na fi ɓata shi ne numfashi. Na ɗauka shaƙar iska da fitar da ita ne kurum, saboda haka na yanke cewa abin da ba shi da hanci ba ya numfashi. Alhali abin da ake nufi yana faruwa ne a cikin kowace ƙwayar halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jikin mai rai da su, inda ake sarrafa sukarin abinci da iskar oksijin domin samun kuzari, a fitar da kabon dayoksaid da ruwa. Tsiro yana wannan aiki dare da rana, ko da yake haɗa abincinsa yana bukatar haske. Geron da ke cikin rumbu ma yana da rai, yana numfashi a hankali, kuma idan aka adana hatsi da danshi, numfashinsa da na fumfunar da ke kama shi kan sa ya ɗauki zafi har ka ji a tafin hannunka. Da na fahimci wannan tun farko, da ban yi mamakin buhun adana wake mai leda biyu a ciki ba, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ba a zuba masa magani. Ana ɗaure bakinsa tam, ƙwarin da ke ciki su cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage, sai su daina ci da hayayyafa, su mutu.

Waken nan kuma shi ya nuna mini raunina a kan hayayyafa. Na girma da imanin cewa wake da kansa yake haifar ƙwari idan ya jima, kuma na riƙe wannan imani duk da na haddace cewa mai rai daga mai rai yake fitowa, ban lura maganganun biyu sun ci karo ba. Gaskiyar ita ce ƙwaron kan saka ƙwai tun wake yana gona, tsutsar ta huda ƙwayar ta girma a ciki, ramin da kuke gani kuwa ƙofar fitarsa ce. A shekarar 1668 Francesco Redi na Italiya ya ajiye nama a kwalabe, wasu a buɗe wasu a rufe, tsutsa ta fito a inda ƙuda ya samu shiga kaɗai. Bayan kusan shekara 200 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da haka a kan ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Game da motsi, ku leƙa gonar gyaɗa ko ƙarƙashin tsamiya bayan magariba, za ku tarar ganyen ya naɗe, da safe kuma ya buɗe.

Ina roƙonku kada ku yanke hukunci da siffa ɗaya. Wutar daji tana motsi, tana ci, tana girma, tana bukatar iska, amma ba ta da rai, domin ba a gina ta da ƙwayoyin halitta ba, irin waɗanda Robert Hooke ya fara gani da madubin ƙara girma a 1665. Alfadari kuwa galibi ba ya haihuwa, kuma babu mai shakkar yana da rai. Irin waɗannan tambayoyin ne suka riƙa kayar da ni, domin mai hadda ba shi da abin faɗa idan aka juya masa tambaya.

Tun a makon farko, ku samu gwangwani biyu ku zuba ƙasa, ku shuka wake a kowanne, ku ajiye ɗaya kusa da taga, ɗaya a cikin kwali mai huji guda a gefe. Ku riƙa auna tsawonsu da rula kowace safiya, ku zana abin da kuka gani a littafi, ku lura da launin ganye da kuma wajen da kara ya karkata, sannan ku kai wa malaminku littafin tare da tambayoyin da suka taso muku.